Yadda Ake Sauka Gaɓar Teku Ta Hanyar Tsauni A Dawo Lafiya

Idan ka tsaya a kan tsaunin Kelingking, a tsibirin Nusa Penida da ke kusa da Bali a ƙasar Indonesiya, za ka hango rairayi can ƙasa fari fat kamar an shanya gari a tabarma, ruwan kuwa kamar an rina shi da shuni. Mutanen da suka riga ka sauka ba su fi tururuwa ba a ido. Zuciya sai ta ce maka ai ga shi nan kusa. To, hangen Dala ba shiga birni ba ne. Tsakaninka da wannan rairayi akwai gangara da ta haura mita 100, da 'yar siririyar hanya wadda aka sassaƙa a jikin dutse, aka yi mata madafa da katako da igiya.

Mu da muka saba da Dala da Goron Dutse da Kufena, mun san dutse ta fuska ɗaya: ka fara da wahalar hawa da ƙarfinka, in ka gaji ka juyo, gangara ta kawo ka gida. Gaɓar da ke ƙarƙashin tsauni ta juya wannan lissafi. Sauƙin ne a gaba, wahalar tana jiran ka a ƙarshe, lokacin da rana ta dafa ka, ruwan shanka ya ƙare. Sauka cin bashi ne, kowane taki da ka yi ƙasa sai ka biya shi da gwiwarka. Ga matakan da nake ba duk wanda karatu ko kasuwanci ko yawon buɗe ido ya kai shi irin wannan wuri, a Bali ne ko Maroko ko Ingila.

Mataki na 1: Yi tambaya tun kana masauki

Matambayi ba ya ɓata. Ka tambayi 'yan gari abu huɗu: ko hanyar a buɗe take, tsawon lokacin da sauka da hawowa suke ci, ko an yi ruwan sama a kwanakin nan, da kuma inda asibiti mafi kusa yake. Masunta da masu sayar da kaya a bakin hanyar sun fi hotunan intanet sanin gaskiya, domin mai ɗora hoto ba ya nuna maka inda ya rarrafa.

Idan hukuma ta kafa allon hani ko ta gitta shinge, magana ta ƙare. Idan an kwana ana ruwa, ka ɗage tafiyar. A Bali damina tana kamawa ne daga wajen Nuwamba zuwa Maris, kuma jiƙaƙƙiyar ƙasa a kan dutse santsi gare ta kamar sabulu.

Mataki na 2: Duba lokacin cikowar teku

Wannan ne abin da ɗan tudu ya fi jahilta. Kogi yana cika ne da damina, amma teku a yawancin gaɓoɓi tana cikowa ta janye sau biyu a kwana guda. Tana yin kamar awa shida tana tahowa, awa shida tana komawa, kuma kullum lokacin yana jinkirta da kimanin minti 50. Filin da ka shimfiɗa darduma da hantsi yana iya zama ƙarƙashin ruwa da la'asar. Mafi muni, ruwan yakan fara toshe bakin hanyar fita tun mutum yana can wani lungu bai ankara ba.

Ana wallafa jadawalin cikowa na kowace gaɓa, kana iya duba shi a waya. Ka shirya isa ƙasa lokacin da ruwa yake janyewa, ka bar wurin tun bai yi nisa da dawowa ba. Lissafin watanmu ma zai taimake ka, domin jan wata da rana ne yake motsa teku. Cikowa ta fi ƙarfi a kwanakin tsayuwar wata da kuma tsakiyarsa, wajen sha huɗu zuwa sha shida. A waɗannan kwanaki ka ninka hattara.

Mataki na 3: Faɗa wa kanka gaskiya game da jikinka

Mai ciwon zuciya, da mai asma, da mai ciwon gwiwa, da mai juna biyu, da wanda jiri yake ɗauka in ya leƙa rami, su tsaya a sama. Haka ma mai azumi. Yara ƙanana ba wurinsu ba ne, goyo kuwa sam, domin nauyin baya yana rinjayar uwa a inda take bukatar daidaito. Gwaji mai sauƙi shi ne ka tuna yadda kake ji in ka hau bene hawa biyar ba tsayawa. Idan kana isa da haki da bugun ƙirji, ka sani abin da ke gabanka ya ninka wannan sau da yawa, ga rana, ga babu inuwa. Kallo daga sama ba abin kunya ba ne. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Mataki na 4: Haɗa kaya

Takalmi ne farko. Ka sa kambas mai igiya, mai ƙasan roba da ke kama dutse. Silifas da takalmin fata mai sulɓi su ne suka fi kayar da mutane.

Tufafi su zama waɗanda ba za su harɗe ka ba. Jallabiya da babbar riga suna kama iska, suna kuma rufe maka ganin inda za ka taka. 'Yar'uwa, ki sa wando mai kauri da riga da ta tsaya a gwiwa, da ƙaramin hijabi da za ki cusa bakinsa cikin riga. Suturarki ta cika, kuma zani ko doguwar abaya ba za su shiga ƙarƙashin ƙafarki ba.

Komai ya shiga jakar goyo, hannu biyu su zama a sake. A ciki a sami ruwa aƙalla lita 2 ga kowane mutum, da dabino ko gyaɗa, da hula, da tocila, da bandeji, da usur, da waya cike da caji. Ka ƙara da ƙullin gishiri da sukari irin wanda ake jiƙa wa mai gudawa, yana mayar da abin da gumi ya kwashe. Dokar ruwa ita ce kashi ɗaya na sauka da zama, kashi biyu na hawowa.

Mataki na 5: Yanke lokaci, ka bar sallahu

Ka fita da sassafe, kafin dutse ya ɗauki zafi. Ka ware wa hawowa ninki biyu na lokacin da sauka ta ci, sannan ka tsayar da sa'ar juyowa tun kana sama. Bali tana kusa da tsakiyar duniya kamar ƙasarmu, rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida zuwa shida da rabi, duhu kuma ba ya jira. Wanda magariba ta riska a tsakiyar hanya ya shiga uku.

Kada ka tafi kai kaɗai. Ka gaya wa wani a masauki sunan wurin da lokacin da zai sa ran ganin ka, da abin da zai yi in bai gan ka ba. A gindin tsauni sabis yakan ɗauke. Ka adana lambar gaggawa tun kana sama: 112 a ƙasashen Tarayyar Turai, 999 a Ingila ka nemi masu gadin gaɓa, a Indonesiya kuwa hukumar ceto ta Basarnas tana kan 115.

Mataki na 6: Sauka

Sannu ba ta hana zuwa. Yi gajerun taki, gwiwa a ɗan lanƙwashe. Inda gangara ta miƙe sosai, juya ka fuskanci dutsen kamar mai saukowa daga tsani. A kowane lokaci gaɓoɓinka uku su kasance a dafe, ɗaya kawai ke motsi: ko hannu biyu da ƙafa ɗaya, ko ƙafa biyu da hannu ɗaya.

Kada ka ba madafa amanarka sai ka gwada ta. Iskar teku mai gishiri tana cin ƙusa, rana tana cin igiya. Girgiza katako kafin ka jingina, ja igiya kafin ka rataya, kuma mutum ɗaya ne a kan igiya a lokaci guda. Saiwar ciyawa da busasshen reshe ba abin riƙo ba ne.

Ku bar tazara tsakaninku, don kada faɗuwar ɗaya ta kwashi biyu. In ƙafarka ta ture dutse, ɗaga murya ka sanar da na ƙasa nan take. In kun yi kiciɓis da masu hawowa, raɓe ta ɓangaren dutse ka ba su hanya, sun fi ka gajiya. Hoto kuma sai ka tsaya cak a wuri mai faɗi. Kada ka ja da baya kana kallon waya. A Kelingking akwai birai da suke warce abinci da tabarau. In sun ɗauka, bar musu, kada ka bi su.

A tsakiyar hanya ka tsaya ka waiwayi sama, ka tambayi kanka ko za ka iya hawa abin da ka riga ka sauko. Idan cinyarka ta fara rawa tun yanzu, nan ne wurin juyawa.

Mataki na 7: Zama a ƙasa

Kana isa, inuwar gindin tsauni za ta kira ka. Kada ka amsa. Dutsen Nusa Penida na farar ƙasa ne, ba shi da taurin Kufena, kuma teku tana ƙwaƙular gindinsa dare da rana. A watan Agusta na 2009 wani ɓangaren tsauni ya rufto a gaɓar Maria Luísa da ke Albufeira a ƙasar Fotugal, mutum biyar suka rasu. A Satumban 2018 irin haka ta faru a gaɓar Navagio ta tsibirin Zakintos a Girka, mutane suka jikkata. Duk inda ka ga sababbin duwatsu a zube, ko tsaga a jikin tsauni, ko tsakuwa tana gangarowa, yi nesa da wurin. Kogo ma kada ka shiga.

Sannan ka dubi layin da ruwa ya bari a kan rairayi, inda ciyawar teku da itatuwa suka taru. Nan ne iyakar cikowar da ta wuce. Ka ajiye kayanka, ka yi sallarka a samansa, kada kuma ka ba teku baya kana kusa da ita.

Iya ruwan Tiga ko na kogin Kaduna ba ya aiki a nan. Kelingking tana fuskantar Tekun Indiya kai tsaye, raƙuman ruwanta suna maka mutum da ƙasa su ja shi, ta ci rayuka, har hukuma ta hana iyo a wurin. Akwai kuma wata korama da takan ɓalle a cikin teku, ta tashi daga gaɓa ta nufi zurfi. Takan bayyana kamar lafaffen wuri mai duhu tsakanin raƙuman ruwa, shi ya sa baƙo yake zaɓar ta. Wanda ta ɗauka kada ya yi kokawa da ita. Ya kwanta rigingine ya sami numfashi, ya ɗaga hannu, sannan ya yi iyo ta gefe, daura da gaɓa, har ya fita daga cikinta. Na tudu kada ya faɗa ceto. Ya jefa abin da ke yawo a kan ruwa, ya nemi taimako. Sau da yawa gawa biyu ake fitarwa a inda mutum ɗaya ya faɗa.

Mataki na 8: Biyan bashi

Ka tashi da sauran ƙarfinka, kada ka jira sai ka gaji da wasa. Sha ruwa, ci dabino, kakkaɓe yashin takalmi, ɗaure igiya tamau. Ka bi hanyar da ka sauko, ban da yanke. Ka riƙa hawa kaɗan kana hutawa kaɗan, kana kurɓar ruwa. Mafi rauni a cikinku ya shiga gaba, a tafi da saurinsa.

A nan na ga abin da ya sa nake wannan rubutu. Abokin tafiyata, saurayi mai buga ƙwallo, ya shanye ruwansa tun a ƙasa. Ba mu kai rabi ba ya zauna a kan wani ɗan tudu da bai fi faɗin faranti ba, ya rungume katako da hannu biyu, leɓensa ya bushe ya yi fari, ƙafarsa tana karkarwa kamar mazari. Ya ce, "Ɗan'uwa, wallahi ƙasa juyawa take." Na tsaya ta ɓangaren rami na tare shi, na jiƙa hularsa, na riƙa ba shi ruwan gishiri da sukari a murfin roba. Mun fi rabin awa a wurin kafin idonsa ya washe.

Ciwon kai, jiri, tashin zuciya da ɗaurewar tsoka alamu ne na zafi ya fara cin mutum. A zaunar da shi, a sassauta tufafi, a jiƙa shi, a yi masa fifita. In ya fara sambatu ko ya suma, abin ya kai ga rai, a ci gaba da sanyaya shi, a kira masu ceto, kada a ɗura masa ruwa a baki.

Mataki na 9: Idan tsautsayi ya auku

Wanda ya faɗo ya bugu a kai ko wuya ko baya, kada a ɗaga shi, sai fa in ruwa ko dutse zai same shi a wurin. A danne inda jini yake zuba da tsumma mai tsabta. Kada a ja karaya da sunan ɗori. Mutum ɗaya ya zauna da shi, wani ya hau inda sabis yake ya faɗi sunan wurin, da adadin mutane, da irin raunin. Idan ruwa ya tare ku, ku nemi wuri mai tudu ku yi ta busa usur, kada ku kama hawan tsauni ta inda babu hanya.

Ka sa a ranka cewa ceto a irin wannan wuri yana cin sa'o'i. Mota ba ta zuwa, kwalekwale ba ya iya matsowa in teku ta tashi, mutane ne za su ɗauko ka a kafaɗa ta hanyar da ka sha wuya kai kaɗai. Daga Nusa Penida kuma mai babban rauni sai an tsallaka da shi Bali.

Abokin nawa da muka fito sama, ya daɗe zaune yana kallon rairayin da muka baro, yana nan fari fat kamar yadda muka same shi da safe. Wasu samari uku suka iso sanye da silifas, da robar ruwa guda a tsakaninsu, rana ta riga ta karkata. Ya miƙe da ƙyar ya tare su, ya nuna musu ƙafarsa da har lokacin ba ta daina rawa ba. Biyu suka fasa. Na ukun ya koma ya sayo ruwa, ya dubi agogo, ya ce gobe da asuba.