Karen Da Ya Yi Sanyi: A Auna Jininsa Kafin A Yanke Masa Hukunci

A Dawaki, kamar sauran unguwannin cikin garin Gombe irin su Bolari da Herwagana, ba don ado ake ajiye kare ba, sai don gadin gida ko farauta. Shi ya sa da zarar kare ya daina haushi, ya koma kwanciya, gashinsa ya fara zuba, sai maigida ya ce ya lalace. Wani ya shafa masa baƙin mai, wani ya kore shi ya koma bin bola. Manufar wannan takarda ita ce a fahimtar da jama'a cewa sau da yawa irin wannan kare ciwo ne ke cin sa, ciwo mai magani, kuma abin da ya wajaba shi ne a auna jininsa tukuna.

Ya kamata mai karatu ya sani cewa a wuyan kare, gefe da gefen maƙogwaro, akwai wata ƴar tsoka da likitoci ke kira tayirod. Ita ce wadda idan ta kumbura a wuyan mutum muke cewa maƙoƙo. Aikinta shi ne fitar da sinadarin da ke sa jiki ya sarrafa abinci ya zama ƙarfi da ɗumi. A wajen mutane, rashin aidin a abinci ne ya fi kawo maƙoƙo, dalilin da ya sa ake zuba aidin a gishirin da ake sayarwa a Nijeriya. Amma a wajen kare, galibi garkuwar jikinsa ce ke cin tsokar, ko ta shanye da kanta, don haka ƙara masa gishiri ba ya amfana komai. Ciwon ya fi kama kare mai shekara 4 zuwa 10, musamman manyan karnukan waje irin su Doberman.

Alamominsa a hankali suke zuwa. Kare zai yi ƙiba alhali cinsa bai ƙaru ba, ya yi ta barci, lokacin hunturu ya riƙa neman rana ko gindin murhu. Gashi zai zube a ɓangarorin jiki biyu daidai wa daida, wutsiya ta koma tamkar ta ɓera, fata ta yi baƙi, kunne ya yi ta ruwa. Mai cewa ai wannan ƙazuwa ce sai ya lura: ƙazuwar da aka fi sani tana sa susa ba dare ba rana, ita kuwa wannan zubar gashi ba ta zuwa da ƙaiƙayi sai in fata ta kamu da wata cutar. Duk da haka ido ba ya yanke hukunci. Likitan dabbobi ne zai ɗebi jini a auna sinadarin da tsokar ke fitarwa, wato T4, a haɗa da wani sinadarin mai suna TSH in da hali, domin wasu cututtuka da wasu magunguna, kamar firednisolon, kan saukar da T4 alhali tsokar lafiyarta ƙalau. Inda awon ya gagara a kusa, likita na iya aika jinin zuwa asibitin koyarwa na dabbobi, irin na Jami'ar Maiduguri ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya.

Maganin ƙwaya ce mai suna lebotairoksin, ana ba da ita kullum, sau ɗaya ko biyu, gwargwadon nauyin karen. Cikin mako biyu kuzari kan fara dawowa, amma gashi sai an yi watanni. Bayan mako 4 zuwa 8 a sake awo don a daidaita adadin. Kada a shiga kemis a sayo a yi ta bayarwa da ka, domin adadin da kare ke buƙata ya sha bamban da na mutum. In ya yi yawa, kare zai riƙa haki, da yawan shan ruwa, da rama. In kuwa aka daina don an ga sauƙi, ciwon dawowa zai yi, saboda ƙwayar cike gurbi take yi, ba ta farfaɗo da tsokar.

Wani zai ce, mutane ma ba su sami magani ba, balle kare. Maganar tana da nauyi, kuma babu mai cewa a hana iyali don a ba dabba. Sai dai a yi lissafi: kuɗin da ake zubarwa kan allurar ƙazuwa ba tare da awo ba, da kuɗin sayen sabon kare a horar da shi, duk asara ce da awo ɗaya zai iya tarewa. Karen da aka kora kuma ya fita daga hannun mai yi masa rigakafin hauka, ya koma yawo cikin lungun da yaranmu ke wasa. Malamanmu sun karantar da cewa an halatta riƙe kare don gadi da kiwo da farauta, kuma duk dabbar da mutum ya tsare, haƙƙinta na wuyansa.

Saboda haka wanda ba zai iya ɗaukar wannan ɗawainiya ba, ya miƙa karen ga wanda zai iya, tare da bayanin ciwonsa. Wanda zai iya kuwa, ya kai shi asibitin dabbobi, ya riƙe lokacin magani, ya rage masa abinci mai maiƙo, ya kuma koma awo duk lokacin da likita ya sa.