Wasiƙar Kakana da Ruwan Tiga



A hutun da ya wuce, ran nan mun dawo daga ban ruwan tumatir, sai Kakana ya sa ni in ɗauko masa takardar gona daga cikin adakarsa. Ina cikin lalube sai na ci karo da wani tsohon ambulan, har ya yi ja don daɗewa. Kan sarkin da ke jikinsa na ƙasar Saudiyya ne. Kaka ya ce ƙanensa ne ya aiko masa da wasiƙar daga Makka, lokacin ruwan kanal bai daɗe da isowa gonakinmu ba.

Na ce, "Kaka, kuɗin kan sarkin nan ai a Makka aka biya. To, wa ya biya ma'aikacin da ya ɗauko ta daga Kano zuwa Kura?"

Ya yi dariya, ya ce, "Kai ja'iri, ruwan da ka buɗe ɗazu, kai ka haƙa masa hanya tun daga Tiga?"

Da muka koma makaranta na kai wa Malaminmu na tarihi wannan magana. Abin da ya koya mini, da wanda na karanta, shi ne zan gutsura muku.

Kowa a nan ya san madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Ruwanta yakan biyo babban kanal, ya rarrabu cikin ƙanana, har ya kai gonakin Bunkure da Kadawa da Kura. Ba mai iya shan ruwan nan shi kaɗai. Dole a yi yarjejeniya, na sama ya sakar wa na ƙasa. To, haka sha'anin wasiƙa da waya yake tsakanin ƙasashe.

A zamanin da, in mutum zai aika da wasiƙa ƙasar waje, sai an yi lissafin kuɗin kowace ƙasa da za ta ratsa. Saboda wannan wahala, ran 9 ga Oktoba 1874 ƙasashe 22 suka sa hannu a wata yarjejeniya a birnin Bern na Suwizalan, suka kafa Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya, wadda ake kira UPU. Suka amince a ɗauki ƙasashensu tamkar ƙasa ɗaya wajen wasiƙa. Watau kan sarkin ƙasar da aka jefa wasiƙa ya isa, kuma kowace ƙasa ta kai wasiƙar baƙo kamar yadda take kai ta ɗan gida. Da fari ba a biyan ƙasar da ta karɓa ko anini, don ana ganin kowace wasiƙa tana jawo amsa, ka ga an yi ragas. Sai a taron Tokyo na 1969 aka shigo da tsarin cewa ƙasar da ta fi aikawa ta riƙa biyan wadda ta fi karɓa. Amsar tambayata ke nan. Yanzu ƙungiyar tana da ƙasashe 192.

Ta sadarwa kuwa, watau ITU, ta girme ta. An kafa ta a Faris ran 17 ga Mayu 1865, da ƙasashe 20, don sha'anin wayar tangaraho. Kafin nan, saƙo in ya zo kan iyaka sai an tsaya an rubuta shi, an miƙa wa ma'aikacin wancan ɓangare, shi kuma ya sake bugawa. Hedkwatarta tana Janeba. Ita ce ta ba kowace ƙasa lambarta ta waya: Nijeriya 234, Nijar 227, Gana 233, Saudiyya 966. A zaurenta ne kuma ake raba hanyoyin iska da rediyo da talabijin da wayar hannu ke bi, da mazaunin taurarin ɗan Adam a sama. Ba don haka ba, da rediyon da manoma ke ratayewa a gona sai surutai barkatai, kamar kowa ya fasa kanal a inda ya ga dama.

Kafin mulkin kai, Ingila ce ke magana da yawunmu a waɗannan tarurruka. A 1961, shekara guda bayan samun 'yanci, Nijeriya ta shiga ƙungiyoyin biyu da sunanta. Tana kuma cikin takwarorinsu na Afirka: ta sadarwa da aka kafa a Adis Ababa a 1977, da ta gidajen waya da aka kafa a Arusha ta Tanzaniya a 1980. 'Yan Afirka ma sun riƙe ragama, don Hamadoun Touré na Mali ya shugabanci ITU daga 2007 zuwa 2014. A nan gida, ma'aikatar P&T ce ke riƙe da wasiƙa da waya har 1985, da aka raba aikin tsakanin NIPOST da NITEL. An kafa hukumar sadarwa ta NCC a 1992, wayar hannu ta GSM kuma ta fara aiki a 2001.

Amma fa shiga ƙungiya daban, cika alkawari daban. A yarjejeniyar Janeba ta 2006 an tsayar da 17 ga Yuni 2015 a kan ranar komawa sabon tsarin talabijin na dijital. Ranar ta zo ta wuce Nijeriya ba ta shirya ba, sai a 2016 aka fara gwaji a Jos.

Mu ma da namu laifin. Bara wani kawuna da ke karatu a ƙasar waje ya aiko mini da littattafai. Adireshin da na ba shi kuwa shi ne sunana, sai "kusa da kanal, Kura". Ina ta zuba ido shiru, ashe ƙunshin ya ƙetare teku lafiya, a nan kusa da gida ne aka rasa mai shi. Wanda gonarsa ke ƙarshen kanal ya san irin wannan. Tiga tana cike, amma in ciyawa ta toshe 'yar hanyar da ke bakin gonarka, tumatir ɗinka ne zai bushe.

Saboda haka ina roƙon abu biyu. Na farko, kowannenmu ya koyi rubuta cikakken adireshi: suna, unguwa ko akwatin gidan waya, gari, jiha, ƙasa, da lambar waya wadda ta fara da 234 in waje za a ba. Na biyu, tun 1971 UPU take shirya gasar rubuta wasiƙa kowace shekara don yara masu shekara 9 zuwa 15. Ina roƙon malamanmu su binciko mana hanyar shiga, ko ƙannenmu na ƙananan azuzuwa sa gwada sa'arsu. Da ma an ce da koyo akan iya.

Da na ba Kaka wannan labari duka, sai ya ce, "Ai abin da na gaya maka ke nan tun farko." Ya mai da ambulan ɗinsa cikin adaka, ya ce in tafi in kwana da wuri, gobe layin ruwanmu ne.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, amin.