Kafin ka sari aikin hannu ka ɗora riba

Wani matashi daga Taloka, a ƙaramar hukumar Goronyo, ya aiko da tambaya. Yakan bi ƙauyukan Wurno da Rabah yana sayen rigunan aska takwas masu ɗinkin hannu da tumtum na dukawa, ya sa hotonsu a WhatsApp, masu hali daga Kano da Abuja su saya da ninkin kuɗi. Ko ribar ta halatta?

Ɗan'uwa, riba ba laifi ba ce. Kai ka biya kuɗin mota, kai ka nemo mai saye, in kayan suka kwanta kai za ka yi asara. Abin dubawa shi ne yadda ka sayo.

Rigar da mutum ya shafe watanni yana bi da allura ba ta da ta biyu. Sau da yawa mai ɗinkin bai san abin da ake biya a birni ba, ga kuma buƙatar taki ta matsa masa a bakin damina. In ka fake da wannan ka karya masa farashi, ka kusanci abin da shari'a ta hana na tare masu kaya a hanya tun ba su san farashin kasuwa ba. Faɗa masa nawa kake sayarwa. In jarinka bai kai ba, ku yi dillanci: ya yanka kuɗinsa, ka karɓi la'adarka. Ka kuma riƙa ambaton sunansa da garinsa ga mai saye, domin wannan ne zai kawo masa wani aikin.

Kada ka ce wa mai saye "ita kaɗai ta rage" alhali uku na cikin ɗakinka. Kada ka kira ɗinkin keke na hannu, ko fatar da ba ta jar akuyar Sakkwato ba ka laƙaba mata sunan. Algus ke nan. Haka sa aboki ya yi tayin ƙarya don kuɗi ya hau.

Akwai kuma abin da ba haja ba ne, kuma nan na fi jin tsoro. Wurno gari ne na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, can ya rasu a 1837, kuma gidajen yankin na riƙe da tsofaffin littattafan rubutun hannu da takubban gado. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana cinikin kayan tarihi da fitar da su waje ba da izini ba. Gumakan yumɓu da ake haƙowa a ƙasar Sakkwato da Katsina suna cikin jerin da ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta fitar a 2000 tana gargaɗin kada a saya.

Duk wanda ya kawo maka irin waɗannan, ko nawa aka taya, ka ce masa ba ka ciki. Littafin gado kuwa, ka shawarci magada su tuntuɓi ofishin tarihi na Waziri Junaidu da ke Sakkwato.