Yadda Ake Sayen Magani Mai Inganci da Rahusa a Birnin Kano

Tun daga tsakiyar 2023, da aka cire tallafin mai kuma darajar naira ta faɗi, takardar likita ta koma abin fargaba a gidaje da yawa. Mafi yawan maganin da muke sha daga Indiya da Sin ake shigo da shi, wanda ake haɗawa a gida ma da dala ake sayo sinadarinsa. A watan Agustan 2023 kamfanin GSK, mai Augmentin da Ventolin, ya ba da sanarwar daina kasuwanci kai tsaye a Najeriya, Sanofi ma ya bi sahu kafin shekarar ta ƙare. Farashin ya ninka, ya sake ninkawa. A watan Yunin 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar yafe haraji kan kayan haɗa magani, amma irin wannan sauƙi yakan daɗe kafin ya iso kan kanta. Mai ciwo kuwa ba ya jira. Ga hanyar da za ka bi ka rage kashe kuɗi ba tare da ka rage maganin ba.

Mataki na farko yana cikin ɗakin likita, kafin ka miƙe daga kujera. Kowane magani suna biyu gare shi: sunan sinadarin da ke aiki a jiki, da sunan da kamfani ya laƙaba masa don kasuwa. Panadol farasitamol ne. Ventolin salbutamol ne. Glucophage na masu ciwon suga metfomin ne. Augmentin haɗin amoksisilin ne da wani sinadari mai ƙara masa ƙarfi. Kamfanoni da dama na yin kowanne daga cikinsu, kuma idan hukumar NAFDAC ta yi musu rajista, ana sa ran aikinsu ɗaya ne, sai dai farashi ya bambanta nesa ba kusa ba. Don haka ka roƙi likita ya rubuta sunan sinadarin, da ƙarfinsa, da yawan kwanakin da za a sha.

Kada kunya ta hana ka cewa, "Likita, ƙarfina bai kai ba, akwai wanda ya fi sauƙi?" Wannan tambaya ba raini ba ce, likitoci na jin ta kullum. Idan takardar ta cika da magani biyar ko shida, ka tambayi wanne ne dole, wanne ne na ƙarin jini ko na buɗe ciki da za a iya jinkirtawa. Tun 1977 Hukumar Lafiya ta Duniya ke fitar da jerin muhimman magunguna, tana sabunta shi duk shekara biyu, Najeriya ma tana da nata. Maganin da ke cikin wannan jeri shi aka fi samu a asibitocin gwamnati, kuma galibi shi ya fi araha.

Akwai togaciya a nan, kuma mai nauyi ce. Maganin farfaɗiya, da na tsinka jini, da na maƙoƙo, ba a sauya kamfaninsu da ka, domin ɗan bambanci kaɗan na iya tayar da ciwon. Waɗannan sai da yardar likita.

Mataki na biyu, ka bincika ko maganin na cikin waɗanda ba a biya. Maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, haka maganin rage kaifin cutar ƙanjamau, haka alluran rigakafin yara. Da damina ma'aikatan lafiya kan bi gida gida suna raba wa yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, wata bayan wata. Uwar da ta karɓa ta ba ɗanta yadda aka ce ta rage wa gidanta zaryar asibiti. Abin takaici ne a ga mai tari na wata biyu yana zuba kuɗi a kemis, alhali a Asibitin Zana za a gwada majinarsa a ɗora shi kan magani.

Idan ba na kyauta ba ne, fara da ɗakin magani na asibitin gwamnati, ko na Murtala ne, ko na Nasarawa, ko Hasiya Bayero, ko ƙaramin asibitin unguwarku. Asibitocin jiha na samun kaya ta hannun hukumar DMCSA, wadda ke saye da yawa ta raba, kuɗin da aka sayar kuma a sake juya shi a sayo wani. Layi yana da tsawo, wani lokaci a ce maka babu, amma idan akwai, ka san inda ya fito. Mai inshorar lafiya kuma ya riƙe katinsa: ma'aikacin tarayya da ke ƙarƙashin NHIA kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani yake biya, jihar Kano kuma tana da KSCHMA, wadda ba ma'aikatan gwamnati kaɗai take yi wa rajista ba. Ga mai hawan jini ko suga, wanda zai sha magani har iyakar rayuwa, zuwa ofishinsu a ji sharuɗɗa ya cancanci wahalar.

Mataki na uku shi ne zaɓen shago. Mu duka kemis muke cewa, amma a doka iri biyu ne. Akwai famasi, inda ƙwararren masanin magani yake, shi ke da izinin sayar da duk abin da likita ya rubuta. Akwai kuma ƙaramin kemis na unguwa, wanda lasisinsa ya tsaya kan ƙananan magunguna irin su farasitamol, gishirin gudawa da maganin zazzaɓin sauro. Dukansu hukumar PCN ke ba su lasisi, kuma ya kamata ka gan shi rataye a bango. Ka zaga shago biyu ko uku da takardarka ka ji farashi, ko ka buga waya, tunda tsakanin titi ɗaya ma akan sami tazara.

Shekaru da yawa kasuwar Sabon Gari ce uwar sarin magani, ba ga Kano kaɗai ba, har da maƙwabta. A farkon 2024 NAFDAC da PCN suka rufe shagunan da ke can, aka tilasta wa 'yan sari komawa cibiyar Dangwauro a hanyar Zariya, inda jami'ai ke iya sa ido kan abin da ke shiga da fita. Wurin na masu shago ne, amma ba laifi ka tambayi mai kemis ɗinka daga ina yake saro kaya. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya.

Wanda ba na yi wa sassauci shi ne mai tallar magani a faranti ko baro, a tasha da bakin kasuwa. Ko da kayansa na gaske ne, ranar Kano ta gama da su. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marar inganci. Arhar da ke kan faranti arhar takalmin da zai tsinke kafin ka isa gida ce.

Mataki na huɗu, duba kwalin kafin ka biya. Nemi lambar rajistar NAFDAC, da ranar da aka yi shi, da ranar da zai lalace, da lambar rukuni. Buɗe ka ga ko abin da ke jikin kwali ya yi daidai da na jikin katin ƙwayar. Rubutu mai dishi-dishi, ko kwanan wata da aka manna wani a kansa, ko ƙwaya mai marmashewa, duk alamun a ajiye ne. Tun 2010 akwai tsarin kankare wani ɗan fili a jikin kwalin maganin zazzaɓin sauro da na kashe ƙwayoyin cuta, ka tura lambar da ta bayyana ta saƙon waya kyauta, amsa ta zo nan take. Yi hakan kana tsaye a shagon. Mai babbar waya kuma zai iya duba sunan maganin a manhajar Greenbook ta NAFDAC.

Mataki na biyar shi ne inda mutanenmu suka fi yin asara: "Haɗa min na ɗari biyar." Sai a ɓallo ƙwaya ja da fara da ruwan ɗorawa a ƙulle a leda, ba suna, ba kwanan wata. Zazzaɓi ya lafa kwana biyu ya dawo, a sake haɗi, a ƙarshe a kwanta asibiti ana ƙarin ruwa, kuɗin da aka guje wa ya ninku sau da yawa. Ba kowane zafin jiki ne na sauro ba, ba kowane ciwon ciki ne taifot ba. Gwajin ɗigon jini a yatsa ba ya wuce minti 20, kuma ya fi sayen maganin da ba ka buƙata araha. Idan ya tabbata sauro ne, Coartem da ire-irensa sau shida ake sha cikin kwana uku, tare da abinci mai maiƙo ko madara don jiki ya karɓe shi. Maganin kashe ƙwayoyin cuta kuwa a sha shi iya kwanakin da likita ya rubuta. Rabin kati ba ya kashe cutar, koya mata jure maganin yake yi, gobe a koma neman wanda ya fi tsada. Idan kuɗin bai kai cikakke ba, gara a koma wa likita a nemi wani da za a iya kammalawa.

Masu ciwon da ba ya rabuwa da mutum, hawan jini, suga, asma, su sayi na wata guda ko biyu lokacin da kuɗi ya shigo, su sake saye tun da sauran na mako. Hawan jini ba ya sallama, jin sauƙi ba dalilin tsallake rana ba ne, kuma jinyar shanyewar ɓarin jiki ta fi kuɗin amlodifin na shekaru. 'Ya'yan da ke ɗawainiyar tsofaffi su ware kuɗin maganin Baba da Inna tare da na hatsi, kuma su riƙe famasi guda da zai san su, ya ajiye musu, ya faɗa musu idan kaya za su yanke.

Saura ajiya. Yawancin kwalaye na cewa kada zafi ya wuce digiri 30, Kano kuwa a watan Afrilu takan haura 40. Kada a bar magani a mota, ko kan taga, ko kusa da murhu. A sa shi a ɗakin da ya fi sanyi, inda hannun yaro ba ya kaiwa. Maganin yara na gari da ake zuba wa ruwa yana da iyakar kwanaki bayan haɗawa, galibi mako guda, ka tambaya a rubuta maka ranar zubarwa a jikin kwalbar. Insulin na son firji amma ba ya son ƙanƙara. Inda wuta ba ta tsayawa, a sa shi cikin roba mai murfi, a ajiye a tukunyar ƙasa da aka dasa cikin jiƙaƙƙen yashi a inuwa, a riƙa yayyafa wa yashin ruwa safe da yamma.