Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Wanda ya tashi a Gure ba sai an ba shi labarin bazara ba. Daga watan Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40 a inuwa. Kafin azahar rairayi ya ɗauki wuta, ko jaki gindin aduwa yake nema. Amma kuma lokacin ne babu aikin gona, lokacin ne matasa ke da sarari.

A ce samari goma sun haɗa kai za su je Damagaram a kan keke, su gaida 'yan'uwa, su ga gari, su komo. Shawara ce mai kyau, sai dai tafiyar ba ƙarama ba ce. Tsakanin Gure da Damagaram akwai kilomita 160 da ɗoriya, a kan babbar hanyar kwalta da ta taso daga Yamai ta nufi Difa. Za su bi Gidigir, su bi Gidimuni mai tafki da lambuna, su bi Mirya, sannan su shiga birni.

Mu yi lissafi. Mai keke irin namu na gida, ɗauke da ruwa da guzuri, kan ci kamar kilomita 15 a awa guda. Ke nan yana bukatar kusan awa 11 yana taka feda, ban da hutu, ban da salla, ban da faci. Wanda ya ce a yini ɗaya zai yi ta cikin watan Afrilu, to gardama ya ɗauko da rana tun daga hantsi har la'asar. Ba a cin wannan gardama.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Gora sai an fafe shi, an jiƙa shi kwanaki har ɗacinsa ya fita, kafin a zuba masa ruwan sha. Goran farko da mai keke zai fafe shi ne jikinsa.

Jiki randa ce

Zafin jikin mai lafiya yana tsayawa wajen digiri 37. In kana taka keke, ƙafafunka na hura wuta daga ciki, rana na dukanka daga sama, kwalta na turo nata daga ƙasa. Da me jiki zai kare kansa? Da gumi.

Dubi randar gidanku. Ruwa na tsattsafowa ta jikinta, iska ta busar da shi, na ciki ya yi sanyi. Haka gumi yake yi wa mutum. Kuma ka san randar da ruwanta ya ƙare ba ta sanyaya komai.

Mai taka keke cikin zafi yana iya zubar da gumi lita ɗaya zuwa biyu a awa guda. A nan ne ƙasarmu take yaudarar mutum. Iskarmu busasshiya ce, tana shanye gumi tun bai gangaro ba. Sai ka shafa goshinka ka ji shi a bushe, ka ce ai ban yi gumi ba. Ka yi. Duba rigarka da yamma. Farin zanen nan da ke bayanta da hammatarta gishirin jikinka ne.

Jiki yana koyon zafi, amma koyon na ɗaukar mako ɗaya zuwa biyu. Saboda haka a fara gwaji aƙalla mako biyu kafin tafiya. Ranar farko rabin awa ta isa. Kullum a ƙara kaɗan. Sannu a hankali jiki zai soma yin gumi da wuri, gishirin da ke fita a cikinsa ya ragu, bugun zuciya ya lafa. Kafin ranar tashi, kowa ya gwada kilomita 40 ko 50 da irin kayan da zai ɗauka. A nan ne za a gane wanda sirdi ke ci, da wanda gwiwarsa ba ta yarda ba. Kwana biyun ƙarshe a huta, a yi barci sosai.

Mai hawan jini, ko ciwon suga, ko ciwon zuciya, ko sikila, ya fara ganin likita. Wanda zazzaɓi ko zawo ya kama a cikin makon ya haƙura, ko da shi ya kawo shawarar tafiyar.

Ruwa da gishiri

Kada ka jira ƙishirwa ta shaƙe ka. Sha kofi guda kowane minti 15 ko 20. Wannan ya kama kusan lita ɗaya a awa. Kada kuma ka yi ta ɗura wa cikinka ruwa zalla fiye da haka, domin ruwa mai yawa ba gishiri yana tsinka gishirin jini, shi ma ciwo ne mai kai mutum ƙasa.

Maganin wannan yana kowane gida. A lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, zuba sukari cokalin shayi 6 da gishiri rabin cokalin shayi, kowane cokali a shafe bakinsa. Ɗanɗana ka ji, kada ya fi hawaye gishiri. Shi ne ruwan da ake ba yaro mai zawo, akwai ma na ƙunshi a asibiti da wurin masu sayar da magani. Ka riƙa sha kana haɗawa da ruwa zalla.

Fitsari shi ne ma'auninka. In fari ne ko ruwan ɗorawa mai haske, lafiya lau. In ya yi ja kamar shayi, ko ka yi awanni bai zo ba, ruwan jikinka ya ja baya.

Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne, don haka ba mai iya ɗaukar ruwan tafiyar duka. A san tun daga gida inda za a sake cika jarka. Ruwan tafki ko rijiyar da ba a sani ba sai an tafasa, ko an jefa ƙwayar tsabtace ruwa an jira rabin awa. Dabarar salka kuma ba ta tsufa ba: naɗe jarka da tsumma ko buhun algarara, ka jiƙa shi, iskar tafiya ta yi maka sauran aikin.

Guzuri bai da wuya a ƙasar dabino. Dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, cuku, ɗan kilishi. A ci kaɗan-kaɗan a kan hanya. Fura da nono sai an sauka, kuma a saye ta a inda aka sauka, don nono ba ya jimirin rana. Tuwo mai nauyi a bar shi sai dare.

Dabarar fatake

Fataken da, masu kai kanwa kudu su komo da goro, ba su da ma'aunin zafi, amma sun san rana. Da sassafe suke ɗaura kaya, kafin ta take sun yada zango. Mai keke ya yi koyi da su. A yi sallar asuba, gari na soma wayewa a hau. Wajen ƙarfe 10 a sauka a garin da ke da inuwa da ruwa. Kada a sake hawa sai bayan la'asar, a kuma sauka kafin magariba, don tafiyar dare a kan kwalta tare da manyan motoci kasada ce. Da wannan tsari masu ƙarfi za su isa Damagaram a kwana biyu, sauran a kwana uku. Ni dai na fi son ukun.

In tafiyar za ta ɗagu zuwa lokacin sanyi, a ɗaga ta. Tseren keke na Burkina Faso, wanda ake kira Tour du Faso, an fara shi a 1987, kuma wajen ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba aka saba yin sa. 'Yan tseren nan horarru ne, motocin ruwa da likitoci na biye da su, duk da haka ba a kai su cikin Afrilu. Zafin ma ƙaruwa yake yi. Ranar 3 ga Afrilu 2024 ma'auni ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Azumin shekarar 2024 kuwa cikin Maris da Afrilu ya faɗo. Tafiyar sha'awa ba a haɗa ta da azumin bazara. In ta dole ce, matafiyi yana da rangwame, ya tambayi malaminsa.

Tufafi su zama farare, marasa nauyi, masu dogon hannu. Kai da wuya a rufe. In akwai ruwan da ba na sha ba, a jiƙa rawani ko hula. Mai hular kwano ya sa ta.

A rumfar mai gyara

Mako guda kafin tafiya, kowa ya tura kekensa wurin mai gyara. Ga irin hirar da za ka ji a can.

"Baba, a cika mini iska tam, Damagaram za ni."

"A'a, ɗana. Iska tana kumbura in ta ji zafi. In na cika tam da safe, ka jingine shi a rana da azahar, tsohuwar taya irin wannan sai ka ji fam! Zan sa daidai. Kai dai in kun sauka, ka nema masa inuwa kamar yadda za ka nema wa kanka."

"To, a zuba wa sarƙar mai da yawa."

"Shi ma a'a. Mai da yawa rairayi yake kira, rairayi kuma ya ci sarƙa. Ɗigo kaɗan, a goge da tsumma. Wannan tsohon facin fa, yaushe aka yi shi?"

"Tun bara, Baba."

"To zafi zai ɗaga shi. Sayi sabuwar robar ciki, wannan ka riƙe ta a jaka."

A duba birki, a ɗaure kowane noti. Ayari ya tafi da famfo biyu, da faci da gam, da sifana. Yawancin faci ba a kan kwalta ake samo shi ba, a gefen hanya ne, wurin shiga inuwa, inda tsaidau da ƙayar aduwa suke. In za ka sauka daga kwalta, ɗaga keken ko ka duba inda kake tura shi. A wasu wurare kuma rairayi kan hau hanya. Rage gudu tun daga nesa, kada ka murɗa kan keke a cikinsa.

Ayari

Ayarin fatake yana da madugu, yana da jagaba a gaba, yana da uban dawaki. Na keke ma haka. A sa mutum mai natsuwa a gaba, kada a sa mai gudu. A sa mai ƙarfi a baya da kayan faci, kada ya bar kowa a bayansa. A jeru ɗaya bayan ɗaya a gefen dama. Tafiyar ayari tafiyar mafi rauninsa ce.

Kowa ya riƙe katin shaidarsa, a kuma sanar da hukuma da iyaye hanyar da za a bi da inda za a kwana. A 2023 wani ɗalibi ɗan ƙasar Gini, Mamadu Safayu Bari, ya hau keke da nufin zuwa jami'ar Azhar a Masar. Ya yi wata huɗu a hanya, ya ci kusan kilomita 4,000, ya ratsa Nijar har Cadi, inda mutane suka haɗa masa kuɗin jirgi. Ya sami karatun da ya je nema, amma sau uku ana tsare shi a hanya. Shi kaɗai ne, ba mai ba da shaidarsa.

Babban amfanin ayari kuwa shi ne ido. Zafi yana kama mutum mataki-mataki. Da farko jijiyar ƙafa ta ɗaure. Sai ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala. Wanda ya ji haka ya faɗa, ba abin kunya ba ne. A kai shi inuwa, a kwantar da shi, a ɗaga ƙafafunsa, a ba shi ruwan gishiri da sukari. Tafiyarsa ta wannan yini ta ƙare.

Mataki na ƙarshe shi ne bugun rana, kuma wanda ya kama ba ya sanin ya kama shi. Zafin jikinsa ya haura digiri 40, ƙwaƙwalwa ta soma dahuwa. Za ka ga keken yana tangaɗi, mutum yana sambatu, ko mai sanyin hali ya hau faɗa ba dalili, ko ya faɗi yana fizge-fizge. Wataƙila fatarsa a bushe, wataƙila da gumi. Kada a ce iska ce ta buge shi a tsaya neman turare. Kowane minti yana da tsada. A kai shi inuwa, a tuɓe masa riga, a kwarara masa ruwa a duk jiki, a yi ta fifita. A sa jiƙaƙƙen tsumma a wuya da hammata da matsematsi. In ba ya cikin hayyacinsa, kada a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe. Maganin zazzaɓi ba ya sauke wannan zafi. A tare mota zuwa asibiti mafi kusa, ana tafe ana jiƙa shi.

Akwai maganar da ba zan tsallake ba. Wasu samari kan haɗiyi tramol don kada su ji gajiya. Gajiya ƙararrawa ce, ƙwaya kuwa cire ƙararrawar take yi ta bar wutar tana ci. Ranar 13 ga Yuli 1967, a tseren keke na Faransa, wani gwani ɗan Ingila mai suna Tom Simpson ya faɗi a kan dutsen Ventoux cikin tsananin zafi, bai tashi ba. An sami ƙwayar ƙara kuzari a jikinsa. Shekararsa 29, kuma tsohon zakaran duniya ne. Ko magungunan ciwon jiki da ake saya a tebur suna iya taɓa ƙoda in jiki ba ruwa.

Komowa

Kada a cinye ƙarfi da kuɗi a zuwa. Muddin iskar gabas ce ke kaɗawa, mai zuwa Damagaram tana bayansa tana tura shi, mai komowa Gure kuwa ƙirjinsa take bugu. Hanyar da ta ci kwana biyu a zuwa tana iya cin uku a komowa. A huta yini guda a birni, a sake kai kekuna wurin mai gyara.

Yanzu ɗauki alli ka gwada wannan. Mutum 10 ne za su taka keke awa 4 da safe, kowa yana shan lita ɗaya a awa. Lita nawa ayarin yake bukata kafin zangon farko? In kowa jarkar lita 3 gare shi, lita nawa za su nemo a hanya?