Baba zai tafi Hajji: wane layi zai riƙe a Saudiyya?

Wani mai karatu daga Unguwar Ya, a kudancin Jigawa, ya rubuto cewa mahaifinsa zai sauke farali bana. Maƙwabcinsu da ya je bara ya loda katin dubban nairori kafin jirgi ya tashi daga Dutse, amma bai kwana biyu a Madina ba kuɗin suka ƙare. Yana tambaya yadda za su riƙa jin muryar Baba ba tare da waya ta cinye masa guzuri ba.

Malam, Allah Ya sa a je lafiya a dawo lafiya. Abin da ya sami maƙwabcinku ba sata ba ce. Da zarar layin MTN, Airtel ko Glo ya sauka Saudiyya, ya zama baƙo, sai ya hau turakun STC, Mobily ko Zain. Su kuma waɗannan suna cajin kamfanin gida, kamfanin gida ya ɗora wa mai layi da riba a kai. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a can ko amsa kira kuɗi ne. Kai a Birnin Kudu kana ganin kai ka kira, kai ka biya, alhali kowane minti ana zaftare kuɗin Baba. A haɗa da 'yan uwa da surukai da abokan masallaci, kowa da gaisuwarsa da "a sa mu a addu'a", ka ga inda kati yake tafiya.

Mafi muni ita ce data. Babbar waya ba ta barci: tana sabunta manhajoji, tana sauke bidiyon da ake turawa a zaurukan WhatsApp, duk a farashin baƙunta, mai ita kuwa yana can yana ɗawafi.

Shawarata a raba wa layuka biyu aiki, tunda yawancin wayoyinmu, Tecno ko itel, masu cin sim biyu ne. Layin gida ya zauna a waya don saƙonnin banki kawai, domin karɓar saƙon tes galibi kyauta ne. Kai da kanka ka shiga saitin wayar ka kashe masa datar ƙasar waje tun kafin a tafi sansanin alhazai. Ka tabbatar an haɗa shi da NIN, kuma kamfanin ya buɗe masa aiki a waje. Ka faɗa wa dangi a fili cewa wannan lamba ta tafi hutu.

Layi na biyu a saye shi a can. Kamfanonin Saudiyya suna da tsarin baƙi mai data da mintuna na ƙayyadaddun kwanaki, kuma suna da rumfuna a filin jirgin Jidda da na Madina da shaguna a kewayen Harami. Ana rajista da fasfo da hoton yatsa. Baba ya tambayi abu biyu kafin ya miƙa riyal: kwana nawa tsarin zai yi, kuma mintunan kiran waje sun haɗa da Najeriya? Alhajinmu kan yi wata ɗaya ko fiye, don haka tsarin mako biyu, ko da ya fi araha a ido, zai mutu ana tsakiyar aiki. Kada kuma ya karɓi sim a hannun mai talla a bakin masauki. Layin da ke ɗauke da sunan wani ana iya rufe shi kowane lokaci, kuma ba ka san me aka aikata da shi ba.

Masu sababbin wayoyi suna iya sayen eSIM tun daga gida, sai dai yawancinsu data ce zalla ba lambar kira, kuma ƙananan wayoyi ba sa ɗauka. Ga dattijo ban ga amfaninsa ba.

Kiran WhatsApp a Saudiyya ba abin dogaro ba ne. Wata rana ya shiga, wata rana ya ƙi. Saƙon murya kuwa yana tafiya, ba ya cin data sosai, kuma yana jira har mutum ya samu sukuni. Ka zaunar da Baba ka koya masa danna shi har ya iya ba tare da kai ba. Wannan darasin na rabin sa'a ya fi katin dubu ashirin. Idan ƙaramar waya yake riƙewa kuma ba ya son canji, to shi ya riƙa kira da mintunan layin Saudiyya, lamba ɗaya tak, kai kuma ka isar wa sauran gida. Ka adana masa lambobin da +234 a gaba, a cire sifilin farko, in ba haka ba kiran ba zai fita ba. Ku tsayar da lokaci, kuna tuna cewa agogon Makka yana gaban namu da sa'a biyu: ƙarfe takwas na dare a Birnin Kudu, goma ce a wurinsa.

A ranakun Mina da Arfa, jama'a sama da miliyan ɗaya suna matse a wuri guda, sabis yana wahala, wurin caji ma sai an yi layi. Ku saya masa fawa bank, ya sa a jakar hannu, don ba a yarda a sa shi cikin babbar jakar da ke shiga ƙasan jirgi ba. Ku rubuta masa lambarka da ta jami'in alhazan Jigawa mai kula da rukuninsu a takarda, ya sa a jakar wuya. Idan kun ji shiru kwana biyu a wannan lokacin, jami'in za ku fara nema kafin hankalin mutanen gida ya tashi.