Yadda Ake Ƙera Mahayan Zazzau na Yumɓu a Yi Musu Fenti

Duk wanda ya tashi a Ikara, Makarfi ko Kudan ya san dokin laka da yara ke ginawa a bakin fadama. A Ingila har manya na wannan sha'awa. Tun 1983 kamfanin Games Workshop ke sayar da ƙananan mayaƙan Warhammer, mutum ya saya, ya yi musu fenti, ya jera su a tebur a kara bisa dokokin wasa. Mu kuwa muna da namu: 'yan lifida, 'yan sulke da dogaran da ke fita hawan salla a Zariya sun isa runduna guda.

Da farko a samo yumɓu mai danƙo, irin na fadamun rake. A shanya shi, a daka, a tankaɗe, a zuba ɗan yashi mai laushi don rage tsagewa, sannan a kwaɓa har ya daina manne wa hannu.

A gina doki daban, mahayi daban, tsayin kowanne kamar ɗan yatsa. A cusa tsinke cikin kowace ƙafar doki, a bar bakinsa ya leƙo ta ƙasa. Tun yumɓun na ɗanye za a yi ado: a ja layuka masu gilma juna da allura don fitar da ɗinkin lifidi, a danna guntun gidan sauro a ƙirjin ɗan sulke ya bar zanen zobba. Tsinken tsintsiya shi ne mashi, guntun fata garkuwa. A ajiye a inuwa, a rufe da tsumma, musamman lokacin hunturu, domin bushewar gaggawa ce ke fasa aiki.

Sai gindi. A yanka siririn katako daidai tsayin dokin, a huda shi inda tsinkayen ƙafa za su shiga, a sa gam ɗin kafinta a kafa. A sake shafa gam a saman katakon, a barbaɗa jar ƙasa da 'yan tsakuwa, a dasa gutsattsarin busasshiyar ciyawa.

Fenti shi ke son haƙuri. A fara shafe jikin duka da gam da aka tsarma da ruwa, don kada yumɓu ya shanye launi, sannan a bi da fari. In ya bushe, a sa launuka da fentin ruwa da siririn buroshi, daga ciki zuwa waje: fatar doki, sirdi da linzami, riga, sannan rawani. Dogari ja da kore ne kayansa. Shafa biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, wadda ke cike zanen allura.

Daga nan a tsinka baƙin fenti da ruwa sosai, a bari ya gangara cikin ɗinkin lifidi da ninkin rawani. Bayan ya bushe, a ɗebi launi mai haske, a goge buroshin a tsumma har ya kusa bushewa, a shafa sama-sama. Nan take zanen zai fito raɗau.

A ƙarshe a shafa man sheƙin katako, a manna mahayi a sirdi. A fara da doki ɗaya, kuma kafin a taɓa fenti a zauna da dattijon da ya san kayan doki, ya faɗi sunan kowanne da inda ake ɗaura shi.